Rajistar auren mahaƙa kwal a Houghton-le-Spring: me alamar X take faɗa mana?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya nake da ita ga masana tarihi na wannan zaure, amma sai na ɗan yi shimfiɗa.

Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a Sunderland, arewa maso gabashin Ingila. Maƙwabciyata dattijuwa ce da ta haura tamanin, 'yar asalin Houghton-le-Spring, wani tsohon garin haƙar kwal kusa da Sunderland. Mahaifinta da kakanta duk a ramin kwal ƙarfinsu ya ƙare. Idonta ya yi rauni, shi ne ta roƙe ni in riƙa karanta mata hotunan tsohuwar rajistar aure ta cocin garinsu, waɗanda jikanta ya sauke mata a kwamfuta. Ranar Asabar da ta wuce muka kai ga auren kakan kakanta, wajajen shekarun 1850. Sana'ar ango, an rubuta "pitman", wato mai aikin rami. Uban ango haka, uban amarya ma haka. Wurin sa hannu kuwa, ango X, amarya X, ɗaya daga cikin shaidu biyu ma X. Ta ce in ƙara girman hoton. Ta ɗora yatsa a kan X ɗin angon, ɗan karkatacce, tawada ta ɗan zuba a ƙafarsa ɗaya, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce mini wannan kaɗai ne abin da hannunsa ya bari a duniya. Wallahi sai da na juya fuska.

To ga tambayoyina. X ɗin nan tabbas yana nufin ba su iya karatu ba ne? Me ya sa bayan 'yan shekaru muka sake ganin amaryar nan a matsayin bazawara tana wani auren? Me kuma ya sa iyalin suke ɓacewa daga littafin gaba ɗaya kamar ƙasa ta haɗiye su? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, talaka fitik a can an san ranar aurensa bayan shekara 170, ni kuwa ban san sunan kakar kakata ba.

Dr_Auwal_Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan haƙƙin maƙwabtaka. Bari in fara da asalin littafin, sauran za su fi fitowa fili.

A Ingila an raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace gunduma da cocinta da limaminta. A 1538, zamanin Sarki Henry na takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Na farkon nan layi ɗaya ne kawai: wane ya auri wance ranar kaza. Sai dokar aure ta 1753, wadda ta fara aiki 25 ga Maris 1754, ta ce aure ba ya ƙulluwa sai a cocin Angilika, bayan an yi shela ko an karɓi lasisi, kuma ango da amarya da shaidu biyu su sa hannu. An dai ware Yahudawa da Kiristoci 'yan ɗariƙar Kwaka. Daga nan X ya shigo littafi. Sannan daga 1 ga Yulin 1837 gwamnati ta fara tata rajistar, aka ƙara gurbin shekaru, da sana'a, da mazauni, da sunan uba da sana'arsa. Shafin da kika gani irin na bayan 1837 ne, shi ya sa kika ga iyaye maza.

Houghton kuwa babbar gunduma ce a da, har Hetton-le-Hole a ƙarƙashinta take. Da aka fara fitar da kwal a Hetton a 1822, ƙauyen da bai kai mutum dubu ɗaya ba a 1821 ya doshi dubu shida a 1831. Duk baƙin nan sai sun yi aure, sai sun haihu, sai sun mutu, kuma littafin coci ne ke ɗaukar su.

Dan_Kantin_Kwari:
Ikon Allah. Ni na ɗauka tun fil azal kowane Bature ya iya rubutu. Ashe su ma sun yi zamanin dangwala hannu.

Dr_Auwal_Tarihi:
Ƙwarai kuwa Alhaji. Wajajen 1840, kusan kashi ɗaya cikin uku na angwaye a Ingila alama suke yi, amare kuwa kusan rabi. Daga irin wannan rajistar ma aka ƙirga. Ba a tilasta sa yara makaranta ba sai 1880.

Malama_Hauwa_Zariya:
Dakta, a yi mini afuwa, ina da gyara kan fassarar X ɗin. Rashin sa hannu daban, rashin karatu daban. A wancan zamanin karatu ake fara koya wa yaro, rubutu sai daga baya, ɗan talaka kuma kafin a kai ga rubutu an cire shi an kai shi aiki. Makarantun ranar Lahadi na coci sun koya wa da yawa karanta littafinsu ba tare da sun taɓa riƙe alƙalami ba.

Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kakata ta sauke Alƙur'ani, tana karanta shi da tilawa mai daɗi har ta koma ga Allah, amma ko sunanta ba ta iya rubutawa. Kakana kuma wasiƙa yake rubutawa da ajami ya aika Kumasi, amma a takardar ofis yatsa yake dangwalawa, a rubuta shi cikin marasa ilimi. Don haka Maman Ilham, kada ki gaya wa tsohuwar nan cewa kakanta jahili ne. Ki ce mata bai saba da alƙalami ba. Iyakar abin da shafin ya nuna ke nan.

Dr_Auwal_Tarihi:
Na karɓi gyara, Malama. Gaskiyarki.

Injiniya_Bashir_Newcastle:
Yaushe ma zai saba da alƙalami? Angon da ya yi aure a shekarun 1850, ƙuruciyarsa ta faɗo kafin dokar 1842 ce, wadda ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara goma shiga rami. Kafin ita, yaro ɗan shekara shida ko bakwai akan sa shi gadin ƙofar iska a ƙarƙashin ƙasa. Zai zauna cikin duhu da igiya a hannu, in ya ji ƙarar keken kwal ya ja ƙofa ya buɗe, ya wuce ya rufe, don kada iska ta kauce daga hanyarta. Awa goma sha biyu. Da hunturu, yaron sai ranar Lahadi yake ganin rana. In ya yi ƙwari ya koma tura keke, in ya zama namiji ya ɗauki diga ya shiga saran kwal, nan ne kuɗin yake, kuma a daidai nan yawanci ake aure.

Abin da ya tayar da hankalin jama'a har aka kai ga dokar shi ne ambaliyar ramin Huskar kusa da Barnsley a 1838, inda yara 26 suka nutse.

Ummu_Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana na biyu shekararsa bakwai. Na kasa ƙarasa karanta abin da Injiniya ya rubuta sai da na tashi na leƙa ɗakinsu.

Injiniya_Bashir_Newcastle:
Kan ɓacewar iyali kuma, ina ganin amsar tana cikin yarjejeniyar shekara. A yankin Durham, inda Houghton take, da maƙwabcinsa Northumberland, mahaƙi yana ƙulla yarjejeniya da mai rami ta shekara guda cif. In ya gudu kafin wa'adi ana iya gurfanar da shi a ɗaure. In shekara ta cika, a watan Afrilu, sai ya sabunta ko ya nemi wani ramin da ya fi biya. Gidan da yake ciki na kamfani ne, don haka barin aiki barin gida ne. Sai a ɗora tabarma da tukunya a amalanke a yi gaba. Mil biyar kawai za su matsa, amma sun faɗa wata gundumar coci da wani littafin daban. A Durham ba a soke wannan tsari ba sai 1872. Ga kuma yajin aikin 1844, da aka fitar da iyalai daga gidajen kamfani aka watsar musu da kaya a titi. Ki duba littattafan gundumomin da ke kewaye, da ƙidayar jama'a ta 1861 da 1871. Ƙidayar tana faɗin garin da aka haifi kowane yaro, za ki ga sawun ƙaurarsu ɗaya bayan ɗaya.

Abu_Sumayya:
Ni batun bazawarar ne bai kwanta mini ba. Miji ya mutu, kafin a ce kwabo ta yi wani aure. Su ba su da takaba ne?

Hajiya_Turai_Leeds:
Malam Abu Sumayya, ka sake karanta abin da ta rubuta, cewa ta yi bayan 'yan shekaru. Kuma ko da watanni ne, dokarsu ba ta ɗora wa mace wata huɗu da kwana goma irin namu ba, kuma ba da ma'auninmu za a auna ta ba. Ka sa kanka a matsayinta. Gidan na kamfani ne, don mijin aka ba su. An fito da gawarsa daga rami, in ba ta da ɗa namiji da ya isa shiga aiki, zamanta a gidan ya zama sai yadda mai rami ya ga dama. Ga 'ya'ya huɗu ko biyar. A ɗaya gefen ga wani mahaƙi da matarsa ta rasu wurin haihuwa, ba mai dafa masa ruwan wanka in ya fito baƙi ƙirin, ba mai kula masa da yara. Ina laifi in sun rufa wa juna asiri?

Ni na yi zawarci da yara uku a gidan haya. Na san abin da ake ji in wata ya kusa ƙarewa.

Abu_Sumayya:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ban yi nufin zargi ba. Tambaya ce. Allah ya jiƙan maigidan.

Dr_Auwal_Tarihi:
Zawarawan ma ba ɗaya-ɗaya ake samun su ba a wasu shekarun. A Felling, kusa da Gateshead, fashewar iskar rami ta kashe mutum 92 a 1812. Limamin cocin gundumar, John Hodgson, shi ya binne su, ya kuma ƙi yin shiru, ya buga labarin da sunayensu, abin da ya taimaka har aka kai ga ƙera fitilar Davy, wadda wutarta ba ta kunna iskar rami, a 1815. A Hartley a 1862 ƙarfen injin tsotse ruwa ya karye ya faɗa cikin rijiyar rami ɗaya tilo da suke da ita, mutum 204 suka mutu a ciki. Bayan nan ne doka ta wajabta wa kowane rami mafita biyu. Ramin Houghton kansa ya yi fashewa a 1850. Wanda ya ɗora littafin jana'iza kusa da na aure zai ga yadda ɗaya ke bin ɗaya.

Bulus_Wusasa:
Sannunku da hira. Ni Kirista ne ɗan Angilika, kuma abin da Dakta ya kira shela har gobe muna yin sa. Lahadi uku a jere ake karanta sunan masu niyyar aure a gaban jama'a, a ce duk wanda ya san dalilin da zai hana, ya fito ya faɗa. Bayan ɗaurin aure a shiga da ango da amarya da shaidu su sa hannu a littafi. Na taɓa ganin shafin auren kakannina, rubutun ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kakata yatsa ta dangwala. Don haka na fahimci shirun da tsohuwar nan ta yi.

Ƙari ɗaya: da yawa daga mahaƙan Durham ba 'yan Angilika ba ne a zuci, 'yan Metodis ne, ɗakin ibadarsu daban. Amma daga 1754 zuwa 1837 dole a cocin Angilika za su yi aure. To ganin suna a littafin nan ba ya nuna a can mutum yake ibada.

Malama_Hauwa_Zariya:
Mun gode Malam Bulus. Akwai wani abin da zai ba 'yan zaure mamaki. A wurinmu in mace ta rasu ta bar yara, sau da yawa iyaye su ke cewa a ba mijin ƙanwarta, don ita ta fi kowa jin ƙan 'ya'yan yayarta. A Ingila dokar 1835 ta soke irin wannan auren, sai 1907 aka halatta. Talakawa ba su daina ba, sai dai su tafi wata gunduma mai nisa inda limami bai san su ba. Wannan ma yana iya sa a nemi aure a littafin gida a rasa.

Dan_Coal_Camp:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Duk wannan labarin kamar Inugu ake faɗa mini. Nan aka haife ni, kakana fatauci ya kawo shi. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara haƙa wajajen 1915, saboda shi aka ja layin dogo zuwa Fatakwal. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan mahaƙa a Iva Valley, suka kashe 21. Garin nan da kwal ya kafa shi ne ya zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, magajin garinsa na farko. Amma ka tambaye ni ranar da aka ɗaura auren kakana a unguwar Hausawa, ko waye waliyyin kakata, babu. Waɗanda suka ci goron duk sun tafi.

Issoufou_Agadas:
Mu ma muna da namu a Anu Araren kusa da Cirozerin, kwal ɗin da ake ƙonawa a ba Arlit da Agadas wuta. Nan Nijar akwai takardar aure a ofishin magajin gari, amma mutanen karkara da yawa ba sa zuwa sai buƙata ta taso, makaranta ko fansho.

Malam_Sani_Mai_Almajirai:
Ina so kada mu raina namu. A shari'a aure yana ƙulluwa da waliyyi da sadaki da shaidu da siga. Rubutu ba sharaɗi ba ne. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba mu adana nasaba. Tsofaffin mata suna jero kakanni bakwai ba tuntuɓe, maroƙa suna riƙe da salsalar gidaje. Abin da ya sa Turawan nan suka rubuta ma ba don ƙaunar talaka ba ne. Hukuma ce ke son ta san wa ya halatta, wa zai ci gado, wace gunduma ce za ta ciyar da wanda ya tsiyace.

Lauya_Zainab:
Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya ce auren da ba a rubuta ba bai yi ba. Amma Ubangijin da ya umarce mu da rubuta bashi a ƙarshen Baƙara bai hana mu rubuta aure ba. Na tsaya wa wata baiwar Allah da 'yan uwan mijinta suka ce ba a taɓa aurenta ba, bayan shekara ashirin da 'ya'ya biyar. Liman ya rasu, wakilin ango ya rasu, da ƙyar muka samo dattijo ɗaya da ya halarta, aka ɗauko shi a kujera. Da ya riga mu gidan gaskiya da wata guda, da yaran nan sun tashi a tutar babu. Salsalar da maroƙa ke riƙewa kuma ta sarakai da attajirai ce. Wane maroƙi ne ya haddace kakannin lebura?

Malam_Sani_Mai_Almajirai:
Wannan kuma ban musa ba. A masallacinmu ma mun fara ba da takardar shaidar aure. Abin da na ƙi shi ne a ce iyayenmu ba su bar komai ba.

Yar_Gidan_Liman:
Sun bari, Malam, mu ne ba mu riƙe ba. Mahaifina limamin unguwa ne shekara talatin da wani abu. Yana da littafi mai baƙin bango, duk auren da ya ɗaura sai ya rubuta da ajami: wane ɗan wane, wance 'yar wane, sadaki kaza, lakadan ko ajalan. Bayan rasuwarsa aka sa littattafansa a adaka aka tura ƙarƙashin gado. Da muka buɗe bayan damina uku, gara ta cinye tsakiyar, sai gefe-gefen shafi. Ina iya karanta rabin suna, sauran ƙasa ce. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Dr_Auwal_Tarihi:
Allah ya jiƙan Liman. Kada ki zubar da ragowar, ki ɗauki hoton kowane shafi ko da rabi ne. Abin da ya ceci na Ingila ma ba wai tsabar kula ba ce, kwafi biyu ne. Tun ƙarshen ƙarni na 16 aka wajabta aika kwafin kowace shekara ga bishop, don haka in ɓera ko danshi ya ci na coci, akwai na biyu.

Maman Ilham, in kuka koma baya kafin 1837, za ki ga rajistar aure ba ta faɗin iyaye. Amma kun yi sa'a, domin a yankin Durham, daga 1798 zuwa 1812, Bishop Barrington ya sa a riƙa rubuta baftisma dalla-dalla, har da sunan gidan su uwa da garin da iyaye suka fito.

Hajiya_Turai_Leeds:
Sunan uwa dai. Kun lura duk shafin nan uba ne da sana'ar uba? Matar da ta tashi da asubar fari ta hura wuta, ta wanke kayan rami, ba gurbinta. Sai a watan Mayun 2021 aka fara sa sunan uwa a takardar aure a Ingila da Wales.

Dan_Kantin_Kwari:
To yanzu ramukan suna nan?

Injiniya_Bashir_Newcastle:
Babu ko ɗaya, Alhaji. Na Houghton an rufe shi a 1981. Easington, inda mutum 83 suka mutu a 1951, an rufe a 1993. Filin ƙwallon Sunderland da kake gani a talabijin, a kan ramin Wearmouth aka gina shi. Rami mai zurfi na ƙarshe a duk Birtaniya, Kellingley, ya rufe a Disambar 2015. In ka bi ta wuraren yanzu ciyawa ce da gidaje, sai wani babban gargaren ƙarfe da suke kafewa a bakin gari don tunawa. Amma duk watan Yuli suna fitowa da tutocin ramukansu a birnin Durham, taron da aka fara tun 1871.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da yamma na koma wurinta da abin da kuka faɗa. Maganar Malama Hauwa na fara gaya mata, cewa wataƙila yana karatu, alƙalami ne bai saba da shi ba. Ta ce ai kuwa ta taso ta ga wani tsohon littafin addini a gidan kakanta, ba ta san na wa ba ne tun asali.

Mun bi shawarar Injiniya muka duba ƙidayar 1871. Mun same su a wani ƙauyen rami can wajen gabar teku, matar da mijinta na biyu, yara shida, an haife su a garuruwa huɗu daban-daban. Babban ɗan, wanda take ganin shi ne kakan mahaifinta, an rubuta shi mai aikin rami, yana ɗan shekara goma sha huɗu. Auren shi wannan ɗan muke nema yanzu, tana son ta ga ko shi ya rubuta sunansa da hannunsa. Ba mu gan shi a littafin cocin ƙauyen ba. Malam Bulus, in a ɗakin ibadar Metodis aka ɗaura, a ina za mu nemi takardar?

Bulus_Wusasa:
Tunda bayan 1837 ne, ku fara da jerin rajistar gwamnati, yana kan shafin intanet na FreeBMD kyauta. Ku nemo sunansa da shekarar da gundumar rajistar. Sai dai kwafin da ake aikowa daga babban ofishi rubutun magatakarda ne, ba hannun ango ba. In hannunsa take son gani, ku tambayi ofishin rajista na yankin ko za su ɗaukar muku hoton ainihin shafin.

Maman_Ilham:
To madalla. Ranar Alhamis ba ni da aiki, zan kira su da safe.